Daga Jidda: A ina bayanan jiragenmu suke kwana?

Malam Isa: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau Binta ta zo mana da batun cibiyoyin adana bayanai, gine-ginen nan da ake jibge manyan kwamfutoci. Binta, me ya haɗa su da jirgin sama?

Binta: Komai ma, Malam. Alhaji ya sauka a filin jirgin Sarki Abdul'aziz, jami'i ya ɗora fasfonsa a na'ura, ya ce kawo yatsa, nan take biza ta bayyana a allo. Lambar da aka manna wa jakarsa, kujerarsa, har ranar da za a duba injin jirgin, duk wata kwamfuta ce ke amsawa daga wani gini. A Hajjin 2024 alhazai sun haura miliyan 1.8, akasarinsu ta sama suka zo.

Malam Isa: To in ginin yana Turai fa? Saƙo ai ƙiftawar ido ne.

Binta: Sai ranar da waya ta tsinke. A Satumban 2025 wayoyin intanet na ƙarƙashin Bahar Maliya sun katse, intanet ya yi nauyi har Pakistan da Indiya. Ka hango layin alhazai, ga tsofaffi, ga zafi, allo ya ƙi motsi. Wallahi abin yana damuna. Ƙasa kamar Saudiyya da ke neman fasinja miliyan 330 a shekara nan da 2030, ga kamfanin jirginta Riyadh Air sabo fil, bai kamata ta bar makullin ɗakinta a aljihun wani ba. Shi ya sa na ji daɗi da kamfanin fasaha na Oracle ya buɗe cibiya nan Jidda a 2020, Google kuma a Dammam a 2023.

Malam Isa: Na yarda, amma 'yar'uwa, zama a gida kaɗai bai wadatar ba. Tambayi danginmu na Sudan. Cibiyoyin kamfanonin waya suna Khartoum, yaƙi ya rutsa da su, a Fabrairun 2024 layuka suka ɗauke kusan ƙasar baki ɗaya. Filin jirgin Khartoum kuwa a Afrilun 2023 ya tsaya, aka koma Port Sudan.

Binta: Haka ne. Ke nan a raba su: Riyad, Jidda, Dammam, in ɗaya ta tsaya ɗaya ta ɗauka.

Malam Isa: Saura wutar da za ta sanyaya su a wannan zafi namu. Mu je hutu, mu dawo kanta.