Ranar da magatakarda ya tsallake sunayen 'yan Kudu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, sanyin Washington yau ba sauƙi, yatsuna har sun ƙage a jikin waya. Farin ginin nan mai ƙubba da ke bayana shi ne majalisar dokokin Amurka, yanzu na fito daga ciki.

A zauren mutum-mutumi na ga wani siririn dattijo na farin dutse, zaune a kujera. Na matsa na karanta sunan: Alexander Stephens. Wallahi sai da na sake karantawa. Shi ne fa mataimakin shugaban 'yan tawayen Kudu, lokacin da jihohi 11 suka ɓalle aka gwabza yaƙi daga 1861 zuwa 1865.

Tun bindiga ba ta yi shiru ba aka fara gardamar yadda za a mayar da jihohin cikin tarayyar Amurka. A Disambar 1863 shugaban ƙasa Abraham Lincoln ya ce idan kashi 10 cikin 100 na waɗanda suka jefa ƙuri'a a jiha a 1860 suka rantse za su yi biyayya, suka yarda da 'yanta bayi, jiha ta kafa gwamnatinta. 'Yan majalisa suka ga abin ya yi arha. Sanata Benjamin Wade da Henry Winter Davis suka kawo ƙudiri a 1864: sai mafi yawan fararen maza na jihar sun rantse, kuma wanda ya taɓa taimakon tawaye da son ransa ba shi da bakin magana wajen rubuta sabon tsarin mulki. Lincoln bai sa hannu ba, bai kuma mayar musu ba, ya bar takardar ta mutu da majalisa ta tashi hutu.

Aka harbe shi a Afrilun 1865. Mataimakinsa Andrew Johnson ya hau, ya yi ta rabon afuwa kamar goron biki. Kudu kuwa ta zaɓo tsofaffin janar-janar na tawaye ta turo su nan. To a Disambar shekarar, magatakardan majalisar wakilai Edward McPherson ya tashi kiran suna, ya tsallake su kaf. Wasunsu suna nan a zauren, suna ji. Stephens ma da jihar Jojiya ta zaɓe shi sanata bai ga kujerar ba.

A Maris 1867 majalisa ta kasa jihohi 10 gida biyar, kowane gida ƙarƙashin janar na soja. Sharaɗin dawowa: baƙaƙen maza su yi zaɓe, a kuma amince da gyara na 14 na tsarin mulki, wanda ya mai da tsofaffin bayi 'yan ƙasa. Tennessee ce kaɗai ta tsira, don ta riga ta amince tun 1866. Jojiya ce ta ƙarshe, sai Yulin 1870, saboda ta kori baƙaƙen 'yan majalisarta aka sake ɗora mata soja. Ita ce kuma ta aiko da wancan dattijon na dutse a 1927.

Bari in nemi shayi mai zafi, sai mu gangara wajen ginin tunawa da Lincoln.