Darasi kan sassan matakalar bene da yadda ake auna su

Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro. Darasinmu na yau a kan matakalar bene yake, kuma na zaɓe shi ne saboda tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 benaye suke ta ƙaruwa, daga Tudun Wada har Pantami, amma mai gida da yawa yana sa ido a kan falo da fenti, ya bar matakala a hannun birkila ba tare da ya san abin da zai tambaya ba.

Kowane mataki yana da fuska biyu. Akwai shimfiɗar da ake ɗora ƙafa a kanta, wato matakin kansa, akwai kuma fuskar da take tsaye tsakanin wannan mataki da na samansa, wadda ita ce tsayin mataki, wasu magina kuma suna ce mata raiza. Inda fuskokin biyu suka haɗu a gaba shi ne bakin mataki, kuma nan ne tayil yake fara gutsurewa, nan ne kuma santsi yake kwashe mutum, shi ya sa ake rage masa kaifi ko a sa masa ƙarfe ko roba mai kaushi.

Tsayin mataki da faɗinsa ba a yanke su da ido. Wani masanin gini na ƙasar Faransa mai suna François Blondel ya lura tun a ƙarni na 17 cewa dole awon matakala ya bi takun ɗan Adam, kuma har yau da ƙa'idarsa ake aiki: a ninka tsayin mataki sau biyu, a ƙara faɗin shimfiɗa, jimlar ta faɗo tsakanin santimita 60 da 65. A gidan zama tsayin da ke tsakanin santimita 15 da 18 shi ne mai daɗin hawa, wato kusan inci 6 zuwa 7 a awon da maginanmu suka saba da shi, shimfiɗa kuma kada ta gaza santimita 25.

Mu ɗauka daga daɓen ƙasa zuwa daɓen bene mita 3 ne, wato santimita 300. Idan aka raba shi gida 18, kowane tsayi zai zama santimita 16.7, idan kuma aka ba shimfiɗa santimita 30, lissafin zai kai 63 da ɗoriya, ya shiga cikin ƙa'ida. To, a nan nake roƙon ku saurara da kyau. Awon nan daga daɓen da aka gama yake tashi zuwa daɓen da aka gama, tare da kaurin tayil da simintin da ke ƙarƙashinsa. Idan aka auna daga tsurar kankare, ranar da mai tayil ya gama aikinsa za a tarar matakin farko ya gajarce, ko na ƙarshe ya zarce sauran. Ƙafa tana haddace tsayin matakan farko, sai ta ci gaba da ɗagawa daidai haka ba tare da mutum ya duba ƙasa ba, don haka bambancin santimita 1 ko 2 ya isa ya kayar da dattijon da ke saukowa sallar asuba cikin duhu. A ganina matakala mai ɗan tsayi wadda matakanta suke daidai da juna ta fi mai sauƙin hawa wadda mataki ɗaya ya saɓa a cikinta.

Jerin matakan da ke tafiya ba yankewa shi ne hawa ɗaya, filin da ke tsakanin hawa biyu kuwa shi ne wurin hutawa, wanda ake kira landin a wurin aiki. A misalinmu za a yi hawa biyu, kowanne da tsayi 9 da shimfiɗa 8, domin tsayi na ƙarshe a kan landin yake sauke mutum, kenan kowane hawa zai ci santimita 240 a ƙasa. Landin kada ya gaza faɗin matakalar kanta, in ba haka ba ranar da za a hau da gado ko firji za a sha wahala a kwanar.

Ƙarƙashin matakan akwai kankaren da ya kwanta a karkace, shi ne ƙashin bayan matakala, a cikinsa rodi yake, kuma dole rodin ya shiga cikin landin da dakin na sama, wato daɓen kankaren bene, ya kama sosai. Kafinta ne yake kafa katakon da ake zuba shi a kai. Kada a yi gaggawar cire wannan katako, kuma a riƙa ba kankaren ruwa safe da yamma, musamman a zafin Maris da Afrilu, domin sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da aka tsara masa.

Sai aikin mai walda. Ƙarfen da hannu yake bi shi ne madafa, tsayinsa kusan santimita 90 daga bakin mataki. Sandunan da ke tsaye ƙarƙashinsa su ne suke tare yara, saboda haka tazarar da ke tsakaninsu kada ta kai santimita 10, domin kan ƙaramin yaro yana iya ratsa abin da ya fi haka. Babban ginshiƙin da ke farkon madafa da kowace kwana shi ne yake riƙe da sauran, kuma ya fi kyau a bar masa ƙarfen da za a yi masa walda tun lokacin zuba kankare, maimakon a dawo ana fasa mataki daga baya. Kafin a sallami ma'aikata, a miƙa tef daga bakin kowane mataki zuwa dakin ko bim ɗin da ke samansa, wato kwantaccen ginshiƙin kankaren da ke ɗauke da dakin, a tabbatar sararin ya kai mita 2, domin dogon mutum ya sauko ba tare da ya sunkuyar da kai ba.