Lacca kan magungunan ciwon damuwa: sababbi masu saurin aiki da waɗanda muka saba da su

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya kuna ji na ko? Toh madalla, a ɗan rage ƙarar fankar nan saboda mai ɗaukar sauti.

Abin da ya sa na zaɓi wannan maganar yau shi ne, a 'yan watannin nan kusan duk sati sai wani ɗan uwan marar lafiya ya miƙo min waya ya ce likita duba ka gani, wai a Amurka an samu maganin damuwa da ake fesawa a hanci mutum ya warke a yini ɗaya, ku me ya sa kuke ta ba mu ƙwayoyin da sai an yi wata guda ba a ga komai ba. Tambaya ce mai kyau wallahi, kuma ku da za ku zauna a asibitocin ƙauye da shagunan magani za a yi muku ita, gara ku san amsarta.

Ciwon damuwa da nake nufi, wanda a asibiti muke ce wa difireshan, ba ɓacin ran kwana biyu ba ne don an yi maka laifi. Mutum ne zai ɗau sati biyu ko fiye ba barci, ba cin abinci, abin da yake so da can yanzu ba ya burge shi, jiki ya mutu, yana ganin kansa ba shi da amfani, wani har ya fara tunanin gara mutuwa. A wajenmu da yawa ba za su ce maka suna baƙin ciki ba, cewa za su yi kaina na zafi, ƙirjina ya yi nauyi, ko abu na min yawo a jiki, shi ya sa ake ta yi musu maganin maleriya da taifod.

Tsofaffin magungunan, abin dariya, tsintar su aka yi. A farkon shekarun 1950 ana gwada wani maganin tarin fuka mai suna ifuroniyazid a New York, sai aka lura masu jinyar da ke kwance sun tashi suna fara'a suna cin abinci fiye da yadda tarin ya yi sauƙi. A 1957 kuma wani likita a Suwizalan, Roland Kuhn, ya ba da rahoton imifiramin. Daga wannan dangin ne amitiriftilin ya fito, wanda har gobe shi ne ya fi yawa a asibitocinmu saboda arha. Sai a ƙarshen 1987 Amurka ta amince da fuloksetin, wato Prozac, bayansa su satralin da sitalofaram suka biyo. Dukkansu aikinsu kusan ɗaya ne, suna ƙara yawan wasu sinadarai masu kai saƙo a ƙwaƙwalwa, serotonin da noradirenalin.

Toh ga inda gizo ke saƙar. Sinadarin yana ƙaruwa cikin awanni kaɗan da shan ƙwaya, amma marar lafiya ba zai ji sauƙi na gaske ba sai sati biyu zuwa shida. Illolin kuwa ba sa jira, tun ranar farko suke sallama, amitiriftilin zai busar maka da baki, ya sa ka gyangyaɗi, ya ɗaure ciki, fuloksetin ya sa tashin zuciya da ciwon kai, daga baya ya rage sha'awa, abin da magidanci ba zai faɗa maka ba sai dai kawai ka ga ya daina zuwa. Ka duba fa, mutum ya sha wahalar magani kwana goma bai ga amfani ba, sai gwaggonsa ta ce dama na faɗa muku wannan ba na asibiti ba ne, shi kenan an watsar. Kuma ko an yi haƙurin, wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum wajen 4,000, aka fitar da sakamakonsa a 2006, ya nuna kusan ɗaya cikin uku ne kawai suke warwarewa sarai da maganin farko, sauran sai an canja ko an ƙara wani. Wanda aka gwada masa iri biyu yadda ya kamata bai ji sauƙi ba, shi muke cewa ciwonsa ya ƙi jin magani, kuma saboda irinsu aka shiga neman wata hanya.

Ketamin, ku da kuka yi aiki a tiyata kun san shi sarai, shi ne allurar da ake sa mutum barci da ita in za a yi ɗinki ko a ciro jariri a inda babu manyan na'urori. An haɗa shi tun 1962, ba sabon abu ba ne. Sabon abin shi ne a shekarar 2000 wasu likitoci a jami'ar Yale suka ba masu ciwon damuwa su bakwai ɗan kaɗan ta jijiya, ƙasa da abin da ke sa barci, sai ga sauƙi cikin awanni. A 2006 aka maimaita a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka, rabin miligiram a kan kowane kilo na nauyin mutum, a ɗiga a hankali cikin minti 40, washegari kusan bakwai cikin goma sun ji sauƙi sosai. Amma ku riƙe wannan, bayan sati ɗaya kusan ɗaya cikin uku ne suka rage da sauƙin. Shi ba ta serotonin yake bi ba, ta wani sinadari ne gulutamet, kuma abin da masana suka fi karkata a kai shi ne yana sa jijiyoyin ƙwaƙwalwa su sake tsiro da mahaɗai da wuri, abin da tsofaffin ke ɗaukar makonni kafin su yi.

Daga ketamin ɗin aka ciro esketamin, wanda ake sayarwa da sunan Spravato, aka amince da shi a Amurka a watan Maris na 2019, shi ne na hancin da ake nuna min a waya. Abin da bidiyon ba ya faɗa, ba a ba ka shi ka tafi gida. A asibiti za ka fesa, a zaunar da kai awa biyu ana auna jini don yana hawa, wasu su ji kamar sun fita daga jikinsu suna kallon kansu, ba tuƙi sai washegari, kuma sau biyu a sati za ka riƙa zuwa a watan farko, sannan a koma sau ɗaya. Ga tsada. Ingila ma da kuɗinta, hukumar da ke tantance magungunan da gwamnati za ta biya ta ƙi amincewa da shi a 2022.

Akwai kuma wata matsala da ni take damuna. In za a gwada magani ana ba wasu na gaske wasu na bogi ba tare da sun sani ba, to ketamin kana sha ka san ka sha, ya za a ɓoye. Sai a 2023 wasu a jami'ar Stanford suka yi dabara, suka ba mutum 40 masu ciwon damuwa da za a yi wa tiyata ketamin ko ruwan gishiri alhali suna cikin barcin tiyata, da suka farka ɓangarorin biyu duka sun ji sauƙi kusan daidai. Ƙaramin bincike ne, bai rushe sauran ba, amma ya nuna sa rai ma yana da kasonsa a cikin saurin nan.

Wanda ya fi burge ni a cikin sababbin shi ne na masu jego. Mace ta haihu, maimakon murna sai kuka, ba ta son ɗaukar jaririn, mu nan sai a ce iska ce ta taɓa ta ko kewar gida. Akwai wani sinadari da jiki ke yi daga homon ɗin ciki, wato sinadarin da ke riƙe juna biyu, wanda yake faɗuwa warwas bayan haihuwa, shi aka kwaikwaya. Na farko a 2019 ƙarin ruwa ne na awa 60 a kwance, sai a watan Agusta na 2023 aka amince da zuranolon, ƙwaya ce da ake sha da daddare tare da abinci mai maiƙo, kwana 14 a gama, wasu tun kwana na uku suke jin bambanci. Kuɗinsa dala 15,900 a lokacin da ya fito, ku buga a naira ku gani. Kuma ga masu jego kawai aka amince da shi, an ƙi yarda a ba sauran masu damuwa don hujjar ba ta kai ba.

Sai Auvelity na 2022, haɗin wani maganin damuwa mai suna bufurofiyon da dekstrometofan, shi ana ganin alamar sauƙi a satin farko. Eh, dekstrometofan ɗin da ke cikin maganin tari. Don Allah kar wani ya fita daga nan ya ce likita ya ce sirof na maganin damuwa, mun ga abin da kodin ya yi wa yaranmu har gwamnati ta hana shi a 2018. Haka ketamin, yana kama mutum, masu shan sa ba bisa ƙa'ida ba mafitsararsu ke lalacewa, kuma shi ya kashe ɗan wasan Amurkan nan Matthew Perry a 2023. Kasancewar kwalbar tana cikin durowar tiyatarku bai ba ku lasisin yi wa kowa ba.

Malama mai hijabi ruwan toka, na ga hannunki. Tana tambaya ne, in mutum yana maganar kashe kansa yau, ya za a jira sati huɗu? Ba a jira, 'yar uwa. Wannan ba na ki ba ne ke kaɗai, a ranar za ki tura shi asibitin ƙwaƙwalwa, in Kano kike ga Dawanau, Kaduna ga Barnawa, Sakkwato ga Kware, ga na Maiduguri, kuma kada a bar shi shi kaɗai ko da daddare, a kwashe fiya-fiya da maganin ɓera daga ɗakin. Can suna da hanyar da ta girmi duk waɗannan, jinyar lantarki da aka fara a Italiya tun 1938, sunanta ne ke ba mutane tsoro amma tana da sauri kuma tana aiki. Sannan irin wannan mutumin kar ki ba shi amitiriftilin na wata guda a hannu, in ya haɗiye su gaba ɗaya zuciya suke bugawa, ki ba wani babba a gidan ya riƙe, na sati-sati. Matasa 'yan ƙasa da 25 kuma a sa musu ido sosai a makonnin farko na kowace ƙwaya.

Ga sauran marasa lafiyar, waɗanda su ne mafi yawa, ki gaya masa tun ranar farko cewa bakinka zai bushe kafin ranka ya yi sanyi, ka dawo bayan sati biyu mu gani, kuma in ka ji sauƙi ba a dainawa sai an ƙara aƙalla wata shida, sannan a sauka a hankali. Na ji an kira salla, in mun dawo sai mu ɗauki tambayar malam na gefen taga kan masu juna biyu.