Zauren Agege: "Je ki kawo mijinki"

Anti Hauwa: Salamu alaikum jama'a, tun shekaranjiya saƙonni ke ta shigowa kan maganar Bilkisu, to ga ta nan ta faɗa da bakinta.

Bilkisu: Wallahi Anti har yanzu abin na cina. Ciki da falo na samu nan Agege, kuɗin shekara a hannuna, na sallami ejan, sai mai gidan ya ƙare min kallo ya ce ina mijinki, je ki kawo shi ya sa hannu.

Sani: Ejan ɗin ya dawo miki da kuɗinki?

Bilkisu: Ina! Wai na dubawa ne.

Sani: Kuɗin dubawa, kuɗin agirimen, kuɗin kamasho, saura kuɗin taɓa ƙofa.

Bilkisu: Da na kallon rijiya!

Sani: Da na gaisawa da maigadi, a Idi Araba ma...

Anti Hauwa: Malam Sani ku bar ejan haka nan. Ni abin da ke ƙona min rai, da an ce 'yancin mata sai a ce aƙidar Turawa ce, alhali wannan ɓangaren na 'yancin mata da muke magana a kai abu ɗaya yake nema, doka ta ɗauki mace cikakken mutum, ta yi karatu ta mallaki dukiya ta sa hannu da sunanta, abin da wani masani John Stuart Mill ya rubuta ke nan a Ingila a 1869, lokacin kuwa Nana Asma'u ta riga ta gama tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da mata har ta rasu. Zaɓen 1959 matan kudu sun jefa ƙuri'a namu na arewa ba su jefa ba, a kan wannan Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri.

Sani: Amma Anti ai Musulunci ya ba mace dukiyarta tun...

Anti Hauwa: Ya ba ta! To wa ya hana Bilkisu ɗaki? Ka duba sashe na 26 na tsarin mulki, namiji ya auro baƙuwa tana iya zama 'yar ƙasa, mace ta auri baƙo babu wannan damar, a Maris 2022 aka kai gyaran majalisa suka yi watsi da shi, mata suka yi kwanaki a bakin get a Abuja.

Bilkisu: Anti batir ya yi ja.

Anti Hauwa: Kash, ga saƙonnin ba mu karanta ba. Sai mako mai zuwa, mai ɗakin haya a Agege ya yi mana magana don Allah.