Tafarnuwa: Tsakanin Camfi da Magani

Assalamu alaikum, 'yan uwa maza da mata. Yau tafarnuwa za mu tattauna a kai, ganin yadda al'ummai da yawa suka ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta.

Mu fara da Masar. A kundin magunguna na Ebers, wanda aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an ambaci tafarnuwa cikin haɗe-haɗen magani. Da aka buɗe kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922, an tarar da ita cikin kayan da aka binne shi da su. Girkawan dā kuwa a mararrabar hanya suke ajiye ta, wai abincin wata gunkiyarsu Hekate. Har gobe a Girka akwai masu rataya ta don kare kambun baka. A ƙauyukan Romaniya, daren 29 ga Nuwamba, akan goga ta a ƙofofi da tagogi, wai kada matattu masu tashi daga kabari su shigo su sha jinin mutane.

Kun lura yawanci aikin kora ne? Ana ganin dalilin shi ne wari. Mutanen dā sun ɗauka abin da ya kori mutum da hanci zai kori aljani ma.

To, ga inda nake so ku buɗe kunne. A 1944 wani masanin sinadarai a Amurka, Chester Cavallito, ya ware sinadarin da ke ba ta wannan wari, ana ce masa alisin, aka kuma ga yana kashe ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji. Amma fa babu alisin a cikin tafarnuwar da ba a taɓa ba. Sai an daka ta ko an tauna, wasu sinadarai biyu da ke ware a cikinta su haɗu, sannan ya samu. Ke nan wadda aka rataya a bakin ƙofa ko ƙwayar cuta ba ta kashewa, balle ta tare fatalwa.

Wata 'yar uwa ta turo tambaya kan ɗaura ta a jiki. Malama, kada ki yi. Dakakkiyar ɗanyar tafarnuwa tana ƙona fata har ta tashi bororo, musamman ta jarirai. Haka mai shan maganin tsinka jini, ko wanda za a yi wa tiyata, ya tuntuɓi likita kafin ya yawaita cinta, domin tana iya ƙara zubar jini.