Roma ta Gilashin Mota: Famfo Mai Hanci, Maguna da Igwar Tsakar Rana

Assalamu alaikum masu kallo. Yau muna Roma, babban birnin Italiya, a cikin motar haya. Titin nan da muke kai sunansa Grande Raccordo Anulare, ya yi wa birnin zobe, tsawonsa kusan kilomita 68. Daga nan za mu gangara cikin gari.

Ku dubi allon can mai jan da'ira, an rubuta ZTL. Yana nufin unguwar da aka taƙaita shigar motoci. Ba shinge, ba ɗan sanda. In ƙaramin allon lantarki ya nuna "varco attivo", to ƙofa a rufe take ga baƙo. Kyamara ce ke ɗaukar lambar mota, sai ka koma gida takardar tara ta biyo ka ta hannun kamfanin hayar. Baƙi da yawa a nan suke faɗawa, suna zaton kalmar izinin wucewa ce. Wurin ajiye mota ma launi ne ke magana: shuɗin layi na biya, fari kyauta, rawaya an keɓe shi.

Kun ji yadda motar ke kakkarwa? Baƙaƙen duwatsun da aka shimfiɗa titi da su ke nan, ana ce musu sampietrini. In aka yi ruwa, santsi gare su. Bari mu ajiye motar mu taka.

Ga abin da ya fi burge ni a duk garin nan. Wannan guntun ƙarfen da ke bakin titi famfo ne. Mutanen Roma na kiransa nasone, wato mai ƙaton hanci, saboda lanƙwasar bututunsa. Tun cikin shekarun 1870 aka fara kafa su, yanzu sun kai wajen 2,500. Ruwan sanyi ƙalau, mai tsabta, yana zuba dare da rana, kuma ba a biyan ko sisi. Ku lura da dattijon nan. Bai zo da kofi ba. Ya sa yatsa ya toshe bakin bututun, sai ruwan ya yi tsartuwa ta wata 'yar huda da ke sama, ya duƙa ya sha, ya share baki ya wuce. Ƙasa kuma karensa na lasar wanda ya taru. Duk wanda ya san darajar ruwa a lokacin zafi, dole abin nan ya taɓa masa zuciya. A jikin ƙarfen akwai haruffa huɗu, SPQR, tambarin majalisa da jama'ar Roma tun zamanin daular Rumawa. Har a murfin kwata za ku gan su.

Gaba kaɗan ga Largo di Torre Argentina, wani kwari cike da rusassun ginshiƙai a tsakiyar hada-hadar bas. A wannan wuri aka kashe Julius Kaisar shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa. Yanzu maguna ne ke kwance a kan duwatsun suna shan hantsi, akwai masu aikin sa kai da ke ciyar da su suna yi musu magani.

Mu koma mota da sauri, sha biyu ta kusa. Tudun Gianicolo muka nufa. Ku saurara. Wannan ƙarar igwa ce, kullum ana harba ta da tsakar rana daidai, ba harsashi. Fafaroma Pius na 9 ya fara al'adar a 1847 don ƙararrawar coci-coci su riƙa kaɗawa lokaci guda, a 1904 aka dawo da ita kan tudun nan. Daga nan garin duka yana ƙarƙashin idonka.

Azahar ta gabato, sai mu yi arewa zuwa gindin Monte Antenne, inda Babban Masallacin Roma yake. An buɗe shi a 1995, yana cikin mafi girma a Turai, ginshiƙansa na ciki sun buɗe sama kamar itacen dabino. Ga hasumiyarsa can ta bayan itatuwa. Mu sami wuri mu ajiye motar mu yi alwala.