Kasafin Kuɗin Jiharku: A Wane Shafi Garinku Yake?

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, 'yan uwa mazauna Makka da Jidda da Madina da Riyad, barkanmu da war haka.

Yau zancen kasafin kuɗin jiha za mu yi, na can gida Najeriya. Na san wani zai ce, ina ruwan mai zaman Shara Mansur ko Karantina da takardar da gwamna ya kai majalisa a Kano ko Katsina? Buɗe wayarka ka leƙa zauren WhatsApp na 'yan garinku. Karo-karon gyaran burtsatse, na rufin aji biyu da iska ta yaye, na batirin sola a ɗakin haihuwa: wa ake fara kira? Na Saudiyya. Muna bayarwa, Allah ya karɓa. Sai dai irin waɗannan ayyuka haƙƙin gwamnati ne, kuma idan ka ga ba a yi su ba, yawanci ɗayan biyu ne. Ko dai an rubuta su a kasafi ba a saki kuɗin ba, ko kuma ba wanda ya kai maganar lokacin da ake rubutawa. Yadda za ka gane wanne ne ya sami garinku, shi za mu bi yau.

A nan Saudiyya kasafi ɗaya muka saba ji, wanda ake sanarwa daga Riyad a ƙarshen shekara, yankuna 13 na ƙasar su samu rabonsu ta hannun ma'aikatu. A Najeriya ba haka ba ne. Kowace jiha cikin 36 tana da nata. Sashe na 121 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamna kai ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa gaban majalisar dokokin jiha, su tattauna, su amince, ya sa hannu ya zama doka. Shekarar kuɗi daga Janairu take zuwa Disamba.

[A allo: hanyoyin shigar kuɗi]

Daga ina kuɗin ke zuwa? Babbar ƙofa ita ce kason wata-wata daga asusun tarayya. Bayan an cire kashi 13 cikin ɗari na arzikin mai ga jihohin da ake haƙo shi, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Ga harajin VAT, wanda jihohi ke da kaso mafi tsoka a cikinsa. Sannan harajin cikin gida, sai bashi da tallafin ƙetare. Galibin jihohinmu na Arewa da kason Abuja suke numfashi.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma bar wa kasuwa farashin naira a watan Yuni, adadin da ake rabawa ya yi tsalle. Ɗauki Kano. Kasafin 2024 da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu naira biliyan 437 ne. Na 2025 ya kai wa majalisa biliyan 549, ya fito daga hannunta ya haura biliyan 719. Wanda ya ji wannan zai ce kakarmu ta yanke saƙa.

To amma mu da ke tura hawala, ba wanda zai ruɗe mu da yawan sifili. Riyal a ɗaure take da dala, riyal 3.75 a kan dala ɗaya. A farkon 2023, a farashin hukuma, riyal ɗaya ba ta wuce naira 120 da 'yan kai ba. A 2024 ta kai wajen 400. Hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Duk wanda yake gini a gida ya san abin da buhun siminti ya koma. Saboda haka in ka ji kasafi ya ninka, kada ka ɗauka ajujuwan da za a gina ma sun ninka.

Yanzu ɓangaren kashewa. Gida biyu ne: kuɗin yau da kullum, da na manyan ayyuka. Na farko ya ƙunshi albashi, fansho, gudanar da ofisoshi da biyan bashi. Shi ake fara biya, domin ma'aikaci in wata ya mutu bai ji ƙarar waya ba, za a ji kansa, kuma tun Yulin 2024 doka ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Wani bashin ma tun daga Abuja ake zare shi kafin kason ya iso jiha. Idan kuɗin shiga suka gaza abin da aka ƙiyasta, kuma sukan gaza, wuƙar a kan manyan ayyuka take sauka. A cikinsu ma ba gadar sama ta tsakiyar birni ake fara yankewa ba, wadda kowa ke gani, ɗan kwangilarta kuma yana da lambar manya. Asibitin sha-ka-tafi na ƙauye ne ke jira.

A nan akwai inda nake saɓa wa masu sharhi da yawa. Kullum za ka ji ana yabon gwamna don ya ba manyan ayyuka kaso mafi yawa, ana kallon kuɗin yau da kullum tamkar ɓarna ce zalla. Ba haka abin yake ba. Ginin asibiti babban aiki ne, gaskiya. Amma albashin ungozomar da za ta kwana a ciki, da maganin zazzaɓi, da safar hannu, da man janareto, duk a kuɗin yau da kullum suke. Mu da kanmu mun sha yin wannan: a haɗa riyal a gina ɗaki huɗu, a shafa fenti, a ɗauki hoto a turo zaure, bayan shekara a tarar da kwaɗo a ƙofa saboda ba a turo ma'aikaci ba. Wani garin ba gini yake buƙata ba, malamin lissafi yake buƙata. In za ku nemi abu a kasafi, ku nemi ginin tare da wanda zai zauna a ciki.

Sai batun kaso cikin ɗari, abin da 'yan siyasa suka fi son faɗa. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya aƙalla kashi 15 na kasafi. Ga ilimi, ma'aunin da ƙasashe suka amince da shi ƙarƙashin UNESCO a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20, ko da yake a gida an fi yawo da zancen kashi 26. Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ta kuma ware masa wajen kashi 31 a daftarin 2025. Abin a yaba ne. Amma warewa daban, sakin kuɗi daban, kuma na biyun ne ke sa ɗanka ya tashi daga ƙasa ya hau benci.

[A allo: shafin manyan ayyuka na kasafin jiha]

Ku matso mu duba takardar da kanta. Tun da Bankin Duniya ya kawo shirin SFTAS a 2018, wanda ya riƙa ba jihohi tukuici idan sun bayyana lissafinsu a fili, jihohi suka shiga ɗora kasafinsu a intanet. Akwai cikakke, mai ɗaruruwan shafuka. Akwai kuma ɗan taƙaitacce na talakawa, wanda wasu jihohin har da Hausa suke fitarwa. Fara da ƙaramin don ka ga hoton gaba ɗaya, amma sunan garinku a babban yake.

Sauke shi, ka tafi can wajen ƙarshe inda aka jera ayyuka ɗaya bayan ɗaya, ka sa sunan ƙaramar hukumarku a wurin bincike. Kowane layi yana da sunan aiki, da ma'aikatar da ke riƙe da shi, da wurin da za a yi shi. Daga dama kuma ga gidajen lambobi: abin da aka amince da shi bara, abin da aka kashe daga Janairu zuwa Satumba, sai abin da aka ware bana. Gidan tsakiyar nan shi ne wurin zura ido. A ce misali ka ga gyaran asibitin garinku, bara miliyan 40, abin da aka kashe sifili, bana kuma miliyan 40. Wannan aiki ba mantawa aka yi da shi ba, ana dai juya shi ne daga shekara zuwa shekara. Maganinsa matsin lamba a saki kuɗi, ba sabon roƙo ba.

Wani lokacin kuma za ka ga layi mai nauyi: gina burtsatse, biliyan kaza, a gidan wuri an rubuta faɗin jiha. Ba sunan gari, ba adadin rijiya. Ba lalle akwai cuta a ciki ba, amma irin wannan layi ba mai iya bin sawunsa, kuma daga baya wanda ya fi kusa da kwamishina shi ke samu. Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Tambayar da za a yi wa ma'aikatar mai sauƙi ce: a waɗanne mazaɓu?

Bayan kowane wata uku jiha kan fitar da rahoton yadda aka aiwatar da kasafi, kuma daga baya rahoton babban mai binciken kuɗi ya biyo. Waɗannan biyun sun fi jawabin ranar gabatarwa gaya maka gaskiya.

Abu biyu a gurguje. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, bisa dokar 2004, tana riƙe da kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, amma jiha ba ta samun kuɗin gini sai ta ajiye kwatankwacinsa. An sha samun biliyoyin naira a jibge saboda jihohi ba su kawo nasu rabin ba. Ka duba ko jiharku ta ware shi, ta kuma biya. Na biyu, firamare da ƙaramin asibiti suna rataye ne tsakanin jiha da ƙaramar hukuma. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa ba. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, don haka kafin ku rubuta takarda, ku tabbatar a hannun wa aikin yake.

Yanzu ga wanda mu ne shaidunsa, domin a gabanmu ake kashe shi: kuɗin aikin Hajji. A Maris ɗin 2024, da naira ta faɗi, hukumar alhazai ta ƙasa ta nemi maniyyata su ciko sama da naira miliyan 1.9 kowanne. Gwamnatin tarayya ta sanar da tallafin biliyan 90, jihohi da dama suka ƙara nasu. Kano ta ba kowane maniyyaci naira 500,000. Na san akwai dattawan da suka sayar da gona da shanu, waɗanda ba don wannan agaji ba da kujerar ta kuɓuce musu. Kuma likitoci da malaman bita da masu kula da masauki, duk wanda ya ga tsohuwa ta ɓata a Misfala cikin zafin rana ya san ba a wasa da su. Amma mu yi lissafi: a kan naira 500,000, kowane alhaji dubu ɗaya miliyan 500 ke nan. Malamanmu sun karantar da mu Hajji a kan mai iko yake. Matar da ke naƙuda a bayan a-kori-kura kuwa ba ta da zaɓi. Ni a ganina hidimar alhazai ta zauna a kasafi, amma kujerun alfarma da ake raba wa 'yan gaban goshi, da tawagar jami'an da muke gani sun cika otal ba aikin fari ba na baƙi, waɗannan a fito da adadinsu a rubuce, jama'a su auna su da sauran buƙatu.

To yaushe ake magana? Hausawa suka ce tun ran gini tun ran zane. Ranar da ka ga gwamna a talabijin yana karanta kasafi, wajen Oktoba ko Nuwamba, kusan an gama. Tun tsakiyar shekara ma'aikatar kasafi da tsare-tsare ke aika wa sauran ma'aikatu takarda da iyakar abin da kowace za ta nema. Daga nan ake kiran taron jin ra'ayin jama'a. Jihar Kaduna ma tana da tsarin da al'umma ke jera buƙatunsu tun daga mazaɓa a miƙa sama. Dama ta ƙarshe ita ce zaman sauraron jama'a a majalisa, inda kuka ga na Kano ya ƙaru da biliyoyi kafin ya fito.

Mu a nan ba ma jefa ƙuri'a, domin dokar Najeriya ba ta ba mazauna waje damar zaɓe daga inda suke ba. Kuma ƙasar da muke zaune ba wurin gangami ba ce. Kowa ya kiyaye iƙamarsa da dokar masu masaukinsa. Abin da ke hannunmu shi ne biro da kuɗin mota. Ƙungiyar 'yan garinku ta sa a zauna a gida, da mai unguwa da dagaci da shugaban makaranta da kwamitin lafiya na mazaɓa. A sa mata a zaman, don su suka san nisan rijiya da nisan ɗakin haihuwa. A fitar da buƙatu uku kacal, a jere bisa muhimmanci, kowace da sunan wuri, da hoto, da yawan mutanen da abin ya shafa. Takarda mai buƙata ashirin ba mai karanta ta. A kai kwafi ma'aikatar da aikin ya shafa, da ta kasafi, da ɗan majalisar jiha mai wakiltarku, a tabbatar an buga hatimin karɓa a kan naku kwafin. Ku ɗauki nauyin mutum biyu su halarci taron jin ra'ayi da zaman majalisa. Riyal ɗin da hakan zai ci bai kai kuɗin famfo ɗaya ba.

Idan kasafi ya fito, a duba ko sunan garin ya shiga, a ɗauki hoton shafin a ajiye a zaure. Rahoton wata ukun farko yakan fito wajen ƙarshen Afrilu, a nan za a fara ganin ko an taɓa kuɗin. A bidiyo na gaba za mu buɗe irin wannan rahoto mu bi shi layi-layi. Wanda yake so a duba jiharsu, ya rubuta sunanta a ƙasa. Wassalamu alaikum.